Ruwan Waca da Tanadin Shekaru Masu Zuwa

Ruwan da ake sha a Waca da ƙauyukan gundumomin Magarya da Dungas, a jihar Damagaram ta Nijar, yana fitowa ne daga yashin kwarin Korama, inda a fadamu da yawa kamu kaɗan ake haƙawa a tarar da shi. Shi ke raya rake da kayan lambu da rani. Birnin Damagaram kuwa bisa dutse yake zaune, don haka sai daga Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram ake janyo masa ruwa.

Kusancin ruwan Korama da doron ƙasa shi ne kuma hatsarinsa. Yashin da ke tsotse ruwan damina yana tsotse abin da ya tsiyaya daga masai da kwata da takin zamani. Idan aka haƙa masai dab da rijiya, gida na iya shan ƙazantarsa ba tare da kowa ya lura ba. Annobar kwalara da ta shafi jihohin Damagaram da Maraɗi a 2021 ta nuna tsadar wannan sakaci. Ga kuma yawan jama'a: ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato suna ninkawa kafin shekara 20. Tankin da ya wadatar da gari yau ba zai ishe shi ba idan yaran yau suka yi iyali.

Doka ta tanadi masu ɗaukar nauyi. A birane, kamfanin SPEN ke mallakar kayan aiki da zuba jari, kamfanin NDE kuma ya karɓi rarraba ruwa daga kamfanin SEEN a 2024. A karkara, dokar ruwa ta 2010 ta ɗora alhakin kan ƙananan hukumomi, su kuma sukan ba ɗan kwangila ya tafiyar da famfo, a sayar da ruwa jarka-jarka. Shirin gwamnati na ruwa da tsabta, wato PROSEHA, ya sa 2030 a matsayin wa'adin kai ruwa mai tsabta ga kowa. Inda aikin ke yawan karyewa shi ne asusun gyara. Injin tura ruwa da faifan sola da bututu duk suna da iyakar shekaru, kuma idan ba a ware wani kaso daga kuɗin kowace jarka ba, ranar da injin ya mutu mata za su koma tsohuwar rijiya.

Sake amfani da ruwa ma yana da gurbi, amma daidai ƙarfin wurin. Birnin Windhoek na Namibiya yana tace ruwan ƙazanta ya mai da shi na sha tun 1968, sai dai wannan na buƙatar magudanan ƙarƙashin ƙasa da wutar lantarki da masu awo kullum, abin da garuruwan karkara ba su da shi. Abin da zai yiwu a Waca shi ne raba ruwa bisa amfaninsa. Ruwan alwala na masallatai da na wanka, idan aka bi da shi ta ramin tsakuwa da yashi, ya isa shayar da itatuwa, a bar na famfo don sha da girki. Ruwan masai ba ya cikin wannan lissafi, kuma ganyen da ake ci ɗanye, kamar salak, bai kamata a shayar da shi da ruwan kwata ba.

Ana kuma buƙatar awon zurfin ruwa a rijiyoyi kowace shekara, domin injinan ban ruwa suna ƙaruwa a fadamu, kuma da wannan awo ne ƙaramar hukuma za ta san inda ya dace a haƙa sabuwar burtsatse da inda ya kamata a dakata.