Daga Ƙanƙarar Stockholm Zuwa Filin Kawukudi: Wasan Waɗanda Aka Yanke Wa Ƙafa

Duk gidan da likita ya ce wa "sai dai a yanke", a Nima ne ko a Maamobi cikin Accra, tambayar da ke fara zuwa bakin dangi ita ce: to, yaya zai ci abinci? Daga nan sai maganar aure, sai maganar wanda zai riƙa kai shi asibiti. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko yaron zai sake buga ƙwallo, alhali a unguwar da ta haifi Mohammed Kudus, ƙwallo ce rabin rayuwar saurayi. Ana ganin wasa ya ƙare ranar da ƙafa ta tafi.

Wasu 'yan ƙasar Sweden ba su yarda da haka ba. A farkon shekarun 1960, a wata cibiyar farfaɗo da nakasassu da ke birnin Stockholm, wasu da suka saba buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara suka ƙi haƙura da wasansu. Suka ƙera wani ɗan mazauni na ƙarfe, suka ɗora shi a kan kaifi biyu irin na takalmin sululu, suka zauna a kai. Kowane ɗan wasa yana riƙe gajerun sanduna biyu. Kai ɗaya na sandar yana da haƙoran ƙarfe da ake cakawa a ƙanƙara a tura jiki gaba, ɗaya kan kuma shi ne na bugu. Abin bugun faifan roba ne mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, kuma yana iya wucewa ta ƙarƙashin mazaunin. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, ana yin zango uku na minti 15 kowanne. A 1994, a garin Lillehammer na Norway, wasan ya shiga gasar Olamfik ta nakasassu. Amurka ta ɗauki zinare sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2022, kuma cikin 'yan wasanta akwai tsofaffin sojojin da bam ya raba da ƙafafunsu a Iraƙi da Afganistan.

Akwai kuma masu yinsa a tsaye, da ƙafar roba a cikin takalmin sululu, musamman a Kanada da Amurka da Rasha da Finland. Nan ne wahalar ta fi fitowa fili. Mai sululu a kan ƙanƙara da idon sawu yake tuƙi: shi ke karkata kaifin takalmi dama ko hagu, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda nauyin jiki ya faɗa tun kafin mutum ya ankara. Ƙafar roba ba ta jin komai. Dole ɗan wasa ya koyi karanta ƙasa ta hanyar matsin da yake ji a dungunsa, ya mayar da aikin idon sawu zuwa gwiwa da ƙugu. Wanda aka yanke wa ƙasa da gwiwa yana da sauƙi. Wanda aka yanke wa a cinya kuwa ya rasa gaɓoɓi biyu ke nan, shi ya sa da yawa daga cikinsu ke komawa wasan zaune.

Dungun kansa ba a halicce shi don ɗaukar nauyi ba. Fatar tafin ƙafa kauri gare ta, ta dungu kuwa laushi. Idan aka cusa shi cikin kwanon ƙafar roba, zufa ba ta da mafita, sai gogayya ta fara, sai ƙuraje, sai gyambo. Girmansa ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana kumbura, yana motsewa, musamman a shekarar farko, ta yadda kwanon da ya zauna daidai da azumi zai iya yin yawa kafin babbar salla. Yaro mai tasowa kuma sai an yi ta sauya masa. Ga gajiya, domin tafiya da ƙafar roba tana cin ƙarfi fiye da tafiya da ƙafa biyu, kuma na wanda aka yanke a cinya ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Ga kuma ciwon da mafi yawansu ke ji a gaɓar da babu ita, saboda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba su daina lissafi da ita ba. Mutanenmu kan ɗauka iska ce ko sammu. Likitoci sun san shi sarai, kuma akwai hanyoyin rage shi. Idan wannan shi ne halin mai wasa cikin sanyin Kanada, sai mai karatu ya auna na mai sanye da kwanon roba cikin zafin Accra a watan Maris.

Amma babban cikas ɗin ƙwallon gorar ƙanƙara a wajenmu shi ne ƙanƙarar. Filin gasa yana kai mita 60 a tsawo, kuma sai injin sanyaya ya kwana yana aiki kafin ya zauna daskare. Wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya san abin da hakan ke nufi. 'Yan Kenya ma, da suka kafa ƙungiyar Ice Lions, ɗan ƙaramin fili ne a cikin otal ɗin Panari na Nairobi ya riƙe su. Abin da Accra take da shi shi ne filin ƙwallon gora na Theodosia Okoh, matar da ta zana tutar Ghana, kuma wannan na ciyawar roba ne. A ganina ɓata lokaci ne a zauna ana mafarkin ƙanƙara a Zango. Abin ɗauka daga mutanen Stockholm shi ne sun duba abin da ke ƙarƙashinsu, suka gina wasa a kansa.

Bahaushe ma ya yi haka, ba tare da ya jira kowa ba. A 1988 wani ɗan Kano da shan inna ya kama, Misbahu Lawan Didi, ya tsara ƙwallon da guragu ke bugawa da hannu suna zaune a kan katako mai tayoyi, irin wanda suke yawo da shi a titi. Wasan ya bazu a Najeriya, ya tsallaka maƙwabta. A Accra, ƙungiyar Rolling Rockets da Albert Frimpong ke jagoranta ta shafe shekaru tana yin irinsa a tashar mota ran Lahadi, lokacin da direbobi suka ba da wuri. Duk wanda ya kalli yadda suke tura ƙasa da hannu, su yi kwana, su yi karo, ya ga ɗan'uwan wasan Sweden ne, sai dai siminti a madadin ƙanƙara.

Waɗanda aka yanke wa ƙafa ɗaya kuwa sun sami nasu a ƙwallon sanduna, wadda wani Ba'amurke, Don Bennett, ya faro a Seattle a farkon shekarun 1980. Mutum bakwai-bakwai ake yi, minti 25 kowane rabi. Ana cire ƙafar roba a ajiye a gefe, a shiga fili da sandunan ƙarfe biyu masu riƙe damtse. Idan ka taɓa ƙwallo da sanda da gangan, hukuncinka na wanda ya sa hannu ne. Babu satar gida. Mai tsaron raga ƙafafunsa biyu, hannunsa ɗaya, kuma ba ya fita daga da'irarsa. Nauyin duka yana komawa kafaɗa da wuyan hannu, tafi yana yin kanta, sanduna suna lanƙwashewa suna karyewa.

A wannan wasa Ghana ba 'yar kallo ba ce. Ƙungiyarta, Black Challenge, ta ci gasar Afirka ta farko a Freetown a 2007, inda ta doke Laberiya a wasan ƙarshe. Ta sake ci a Tanzaniya a 2021. A 2023 ta ɗauki zinare a gasar nakasassu ta Afirka ta farko da aka yi a nan Accra, sannan a 2024 ta doke Maroko da ci 2-1 a Alƙahira, ƙarƙashin koci Stephen Richard Obeng. Black Stars rabonta da kofin Afirka tun 1982, amma kowa ya san wace ƙungiya ce ake kashe wa kuɗi, wace ce kuma ke zagaye ofisoshi da gidajen rediyo neman kuɗin jirgi. Da yawa daga cikin gwanayenta a Turkiyya suke cin abinci, inda wasan ke da gasar ƙwararru. Laberiya da Saliyo da Angola yaƙi ne ya cika musu ƙungiyoyi. Mu nan titi ne da cuta: hatsarin mota da okada, ciwon suga da aka bari gyambo ya ruɓe, da karayar da aka kai wa mai ɗori ya ɗaure tamau har jini ya daina gudu. Ba a raina masu ɗori, sun yi wa al'umma aiki tun kaka da kakanni. Amma gaɓar da ta kumbura, ta yi sanyi, ta fara baƙi, ta fi ƙarfinsu, kuma kowace sa'a da aka ƙara a gida tana matso da wuƙar likita.

Yanzu a ɗauki saurayin Nima da aka sallamo daga asibitin Korle Bu da ƙafa ɗaya, yana son ya koma fili. Inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan kuɗin ƙafar roba. Dole dangi su haɗa, ko a nufi cibiyar da Brother Tarcisius de Ruyter ya kafa a Nsawam a 1961, wadda har yau ke ƙera gaɓoɓi tana koya wa mutane tafiya. Ya dawo gida, sai ya tarar da lungunan da mai ƙafa biyu ma sai ya yi hattara: kwatami a buɗe, katako a matsayin gada, matakalar masallaci, banɗakin haya. Sai hawa trotro da sanduna biyu, yaron mota yana buga ƙofa yana gaggawa. Idan ya isa Kawukudi, ya tarar da layin ƙungiyoyin unguwa da kowace ke jiran rabonta na fili. Dokar nakasassu ta 2006, mai lamba 715, ta ba masu gine-ginen jama'a shekara goma su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika tun 2016, kuma kowa na iya zagayawa ya ga abin da aka yi. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Ghana masu shekara biyar zuwa sama suna fama da wata nakasa, don haka ba maganar mutum ɗaya ko biyu ake yi ba.

Sai kuma namu laifin, wanda ba na gwamnati ba. Mun iya tausayi, mun iya miƙa sadaka ran Juma'a a ƙofar masallaci, amma ba mu iya zaton alheri daga nakasasshe ba. Uwa kan ɓoye ɗanta a ɗaki don kada a gan shi, ko ta hana shi fita don kada ya faɗi. Zaman nan kuwa shi ke kashe shi: tsoka ta saki, gwiwa ta ƙage, jiki ya yi nauyi, zuciya ta mutu. Wasa yana gyara wannan, kuma yana haɗa shi da waɗanda suka riga shi shiga halin, su gaya masa yadda ake naɗe dungu da inda ake gyaran sanda.

Abin da ake nema bai kai kuɗin injin ƙanƙara ba. Majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa su ware wa masu sanduna da masu katako sa'o'insu a filayen unguwa, a rubuce, kowane mako. Kason nakasassu da ke cikin asusun majalisu ya riƙa sayen sandunan wasa da biyan kuɗin mota zuwa atisaye. Sarakunan Zango da limamai su sa baki, masu hannu da shuni su tuna cewa zakka tana iya zama ƙafar roba. Ke kuma uwa, kai kuma uba, idan dungu ya warke kuma likita ya ba da izini, ku bar yaron ya fita fili.