Kafin a Ɗora Tubalin Farko: Ƙauye da Baƙonsa a Arewacin Zamfara

Duk ƙauyen da ka shiga tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi, ko ka miƙa arewa ta hanyar Shinkafi, akwai gida ɗaya aƙalla da kowa ya san nan ake kai baƙo. Galibi gidan mai gari ne, wani lokaci na liman, wani lokaci kuma na wani dattijo da ya yi fatauci da ƙuruciyarsa, ya san zafin faɗuwar rana a garin da ba ka da kowa. Zauren gidan ya fi na maƙwabta faɗi. Ga tabarma a naɗe an jingine ta, ga buzu da buta, ga randa a kusurwa da moɗa a kife a bakinta. Ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. In an idar da magariba, akushi kan fito daga gida uku ko huɗu, domin baƙon na gari ne, ba na mai masauki kaɗai ba.

Wannan zaure nake tunawa duk lokacin da na ji masu zanen gine-gine da masu tsara yawon buɗe ido suna maganar gina masauki don masu sha'awar ganin hamada da bakinta, masaukin da ba zai cinye dajin da ke kewaye da shi ba, ba zai shanye ruwan mutane ba, kuma kuɗin da ya shigo zai tsaya a garin. A Siwa ta ƙasar Masar akwai irinsa, Adrère Amellal, wanda aka gina da laka da dunƙulen gishiri da itacen dabino, babu wutar lantarki a ɗakunansa sai kyandir, amma attajirai na biyan kuɗi mai tsoka su kwana a ciki. Tambayar ita ce ko ƙasarmu za ta ɗauki irin wannan, kuma in za ta ɗauka, daga ina ya kamata a faro.

Arewacin Zamfara ba hamada ba ce, kuma wanda ya tallata ta a haka ya yaudari baƙonsa. Babu tuddan rairayi irin na Tenere. Ƙasa ce ta jigawa da fadama, ta gero da maiwa da dawa da wake, wadda Gagare ke ratsawa ta Ƙaura, Bunsuru ta Zurmi, kafin ruwansu ya gangara ya zama Rima. Damina wata huɗu ce in ta yi kyau. Amma hamadar na aiko da saƙonta. A watan Disamba da Janairu hazo kan rufe gari har rana ta yi fari, yara su fito da safe da faso a ƙafa suna jin ɗumi a bakin wutar kara. Da bazara kuwa zafi kan haura digiri 40, gulbin da ya yi toroƙo a Agusta ya koma shimfiɗar yashi, mata da yara suna tono a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsatso su kwasa da ƙoƙo. Zamfara na cikin jihohi 11 da gwamnatin tarayya ta lissafa a sahun gaba na kwararowar hamada. Abin da baƙo zai gani a nan shi ne yadda mutane ke zaune a bakin gaɓar, kuma ni a ganina ya fi tudun rairayi abin kallo.

Magini ya kamata a fara nema. A ƙauye aikin gini na rani ne, bayan an kai amfani rumbu. Ana haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a zuba ruwa, a tattake ta da ƙafa tare da busasshiyar ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini na zaune bisa katanga kamar mahayi, yaransa na jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa yana cusa laka. Gindin bangon yakan yi kauri ƙwarai, ya riƙa sirancewa yana hawa. Kaurin nan shi ne sirrin ɗakin: zafin rana ba ya gama ratsa shi sai dare ya yi, lokacin da ake bukatar ɗumin a hunturu, da tsakar rana kuma cikin soro na nan da sanyinsa. Rufin na azara ne, tsagin giginya da gara ba ta cika yi wa illa ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nisa mai yawa, magina suka ƙware wajen ɗaurin baka da ɗaurin guga don faɗaɗa ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. A bisa a yi daɓe, a kafa indararo, a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame.

Wannan ilimi ba ƙarami ba ne. Da shi Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Da shi Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Amma shiga ƙauyen yau ka duba. Duk saurayin da ya dawo daga cin rani da 'yan kuɗi, bulo da siminti da kwano yake saye, ya gina ɗakin da ba ya kwanuwa a watan Afrilu sai dai a fito waje da tabarma. Ban ga laifinsa ba. Ɗakin ƙasa na son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, azara ta yi tsada, kuma surukai na auna mutum da ƙyallin rufinsa. Abin da ke damuna shi ne maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun kama acaba. Masaukin da zai yi wa ƙauye amfani shi ne wanda zai biya dattijon nan ladan gwaninta, ya ajiye masa almajirai, ya sa yaɓen shekara a cikin kasafinsa yadda ake sa albashi.

Sai ruwa, kuma a nan ne masu tsarin birni suka fi tuntuɓe. Gida a ƙauye na auna ruwansa da tulu da jarka. Yarinya ta san sawu nawa za ta yi zuwa rijiya kafin hantsi, makiyayi ya san lokacin da layin shayarwa ke zuwa kansa. Baƙo ɗaya da ya saba da shawa da masai mai ja zai iya ɓarnatar a yini abin da zai ishi iyali guda. In aka haƙa rijiyar burtsatse mai famfon sola don baƙi, rijiyoyin gari kuma suka ja baya a bazara, an sayi gaba da kuɗi. Tsarin da nake ganin adalci ne: famfon farko a kafa shi a waje, inda matan gari za su ɗiba ba tare da neman izini ba, masauki ya sha daga ragowar. Ruwan wanka a juya shi gindin zogale da darbejiya. Ruwan sha a randa, kada a ga ledar ruwa ko ɗaya tana yawo a gonar mutane, domin akuya ke haɗiye ta ta mutu.

Abinci ba ya bukatar dogon tsari. Fura da nonon da 'yar Fulani ta kawo da safe, hoce, tuwon gero da miyar kuka, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, albasa da tumatir daga fadama. Girkin ne abin lura, don kada a ƙara wa masu saran itace kasuwa.

Maganar fili ta fi kowace nauyi. A idon mai zuwa daga birni, dajin da ke bayan gari wofi ne. A idon ɗan gari babu taku ɗaya da ba shi da mai shi: nan burtali ne, can mashaya, wancan saura ce da aka bari ta huta, waccan kuka ta gidan wane ce tun kakanni. A gabashin wannan yanki Turawa suka keɓe babban dajin Zamfara, wanda daga baya ya zama makiyaya, aka bar ƙauyuka huɗu a cikinsa: Dumburum, Shamushalle, Tsabre da Aja. A shekarun 1990 masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Giessen ta Jamus sun zauna a can suna nazarin yadda manomi da makiyayi ke musaya: shanu su kwana a gona bayan girbi su ci kara su bar taki, manomi ya ba da hatsi. Wannan zaman ne ya lalace, kuma cinye burtali da rabon makiyaya ga masu hannu da shuni na cikin abin da ya lalata shi. Yau in aka ambaci Dumburum a labarai, ba don taki ba ne. Saboda haka duk wanda ya karɓo takardar fili daga Gusau ya zo ya ja waya bai zauna da mai gari da arɗo da masu gonakin gefe ba, ya ƙara itace ne a wutar da ke ci.

Dole a faɗi halin da ake ciki. Mutanen ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi sun shafe fiye da shekara goma cikin harin 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane. Akwai ƙauyukan da ke biyan haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa daga Nijar da kudancin Nijeriya. Baƙin da suka cika zaurukan Ƙaura da Zurmi da Shinkafi a shekarun nan ba masu yawon buɗe ido ba ne. Mutanen ƙauyukan gefe ne, mata da goyo da tsofaffi, waɗanda suka baro rumbunansu da dare. Kuma an karɓe su, an raba tuwo da su, a gidajen da su kansu ba su ƙoshi ba. Duk tsarin da bai fara da komawar waɗannan mutane gonakinsu ba, takarda ce kawai.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga yadda abin ke gini da yadda yake rushewa. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996. Aka haɗa kai da ƙauyuka, samarin yankin suka zama 'yan rakiya, wani kaso na kuɗin baƙi ya shiga ayyukan gari, dabbobin suka haura 600. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya, a wurin. Aikin shekara ashirin da 'yan kai ya tsaya cik a yini guda. Agadas ma, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, ta ga yadda masu masauki da maƙeran azurfa suka zauna babu ciniki bayan jiragen Turai sun daina sauka.

To me za a nuna wa baƙo in Allah ya kawo lafiya? Akwai Dutsi a ƙasar Zurmi, inda tarihin baka ya ce nan sarakunan Zamfara na farko suka zauna. Akwai labarin Namoda, jarumin Alibawa da ke cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa. Akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ya iso a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Ƙasar makaɗi Narambaɗa ce, mutumin Tubali, kuma ƙasar makaɗi Kassu Zurmi. Baƙin farko kuwa ba daga Faransa za su zo ba. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura tun 1983 ne, da malaman tarihi daga Sakkwato da Zariya, da 'ya'yan yankin da suka girma a Kaduna da Abuja ba su taɓa kwana a soro ba. Masaukin ɗaki shida ko takwas, mallakar ƙungiyar gari, da littafin shiga da fita da ake karantawa a bainar jama'a, ya ishe su.

Akwai kuma aikin da ba sai an jira ba. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sassabe shi, har aka farfaɗo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore da rani ya ciyar da bisashe, shi ne kan gaba. Manomin Zurmi da ke iya zuwa gonarsa ta kusa da gari zai iya yin haka bana da wuƙa kawai. Giginya ta fi wuya, domin tana shekaru masu yawa kafin ta isa tsaga, kuma yawancin ƙwallon da aka binne ana tone shi tun yana muruci a kai kasuwa. In ana son azarar da za a rufa ɗakunan nan da itacen gida, sai mai gari ya ware wani yanki a gefen fadama, a binne ƙwallo a daminar nan, a hana tono, a kuma sa wanda zai kare tsiron daga awaki har ya fi ƙarfin bakinsu.