Ɗan Fallen Da Ke Bakin Leda: Ina Iyakar Amfaninsa?

Wani ɗan ƙaramin abu ya shigo mana cikin kayan kanti ba tare da an yi shelarsa ba, wato ɗan fallen nan mai danƙo da ake sa wa a bakin ƙunshi, a ɗaga shi a ɗebi abin da ake bukata, sannan a mayar a danna ya koma ya liƙe. Ana ganinsa a ƙunshin tsummokin goge jarirai, da wasu biskit, da dabinon leda, da kayan yaji. Mai dukan zai ce maka wannan ya ɗara wancan kuɗi saboda bakinsa yana rufuwa. To, 'yan'uwa masu karatu, ya kamata mu san abin da muke biya.

Maganar ba ta raini ba ce. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, musamman bayan faɗuwar Madani a Disambar wannan shekara, garin Fau da ke kan hanyar Gadarif ya karɓi baƙi masu gudun hijira, gidan mutum bakwai ya koma na ashirin. A irin wannan hali sukarin da ya dunƙule, ko garin madarar da ya yi tsami, ko yajin agashe da ƙanshinsa ya tsere, duk asara ce da ake ji a jika.

Mu mutanen jihar Gadarif ba baƙin danƙo ba ne. Ƙaron da ake ɗiba daga dakwara, wadda maƙwabtanmu ke kira hashab, da kuma na talha, Sudan ce kan gaba wajen sayar da shi a duniya, kuma an daɗe ana shafa shi a bayan kan sarki da bakin ambulan. Amma ƙaro sau ɗaya yake aiki. A jiƙa shi, ya bushe, ya kama. Wanda ya nemi buɗewa sai ya yaga takardar. Shi kuwa danƙon wannan falle daga roba da sinadaran masana'anta ake haɗa shi, kuma ba ya bushewa sam. Laushinsa shi ne sirrinsa: idan aka danna shi da yatsa sai ya kwanta cikin 'yan ƙananan ramukan da ke fuskar ledar, waɗanda ido ba ya gani, idan aka ja shi a hankali kuma ya saki. Tun 1935 wani Ba'amurke, Stanton Avery, ya fara sayar da takardun shaida masu manne kansu. A 1968 Spencer Silver na kamfanin 3M ya gano wani danƙo mai rauni da ake iya ɓamɓarewa a sake liƙawa, aka yi shekaru ba a san abin yi da shi ba, sai a 1980 aka fito da 'yan takardun tuni na Post-it. Fallen bakin leda dangin waɗannan ne.

Sai dai waɗanda suka ƙera shi ba su zauna a gindin dutsen Fau cikin bazara ba. Abokan gabansa uku ne, kuma duka ukun muna da su a wadace: ƙura, maiƙo da zafi. Danƙon ba ya zaɓen abin da zai kama. In ƙurar habub ta sauka a kansa, ko garin madarar da ke cikin ledar kanta, ko man gyaɗar da ke hannun mai girki, to su ne za su cike fuskarsa, ledar ta rasa inda za ta kama. Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa wannan, ya manna salatif a tebur mai tsabta ya ɓamɓare, sannan ya barbaɗa garin alli ya sake gwadawa. Darasin ya ƙare ke nan. Zafin Afrilu da Mayu kuwa, da ke haura digiri 40, yakan sa danƙon ya yi ruwa ya zame, ya bar baƙin dauɗa a bakin ƙunshi. Saboda haka a ɗebi kaya da cokali busasshe, a goge bakin, a matse iskar ciki ta fita kafin a danna, kada a cire fallen gaba ɗaya, a kuma ajiye a inuwa. Ko an yi duk wannan, rufi ne na 'yan kwanaki. Da damina ta kankama laima za ta sami hanya. A ganinmu tsohon gwangwani mai murfi ya fi shi sau goma.

Akwai kuma wani abin da ya fi damunmu. Bakin da ke sake rufuwa a hannunka, yana sake rufuwa a hannun wani kafin kai. Ana iya ɗibar kaya, ko a cakuɗa da gari, a mayar da falle kamar ba a taɓa ba. Duniya ta koyi wannan da tsada a 1982, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan wani ya sa guba cikin kwalaben maganin Tylenol ya mayar kanti. Daga nan ne aka tsananta sa rufin farko, wanda in an buɗe ba ya komawa. Don haka kafin ka biya, duba ko akwai wannan rufin farko a ƙarƙashin fallen ko a gefensa, kuma lafiya yake.

Wasu abubuwan ma da gangan aka hana su bakin da ke komawa. Ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa an auna shi ne don a juye shi duka cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a sha cikin awa 24. Uwar da ta zuba rabi ta liƙe rabi don tattali ta ɓata ma'aunin. Haka maganin feshi da na wankin iri da manoman hawasha ke amfani da su: rabin ƙunshi da aka naɗe da salatif ba wurin zamansa kusa da buhun gari ba ne, kuma ledarsa ba ta sake ɗaukar abinci har abada.

In aka zo ga amfanin gona kuwa, dawa da gyaɗa da waken da ake girbewa a aikin noman Rahad tun buɗe shi a 1977, falle ba shi da wurin zama. Abin da ke kashe ƙwaro shi ne rashin iska. Kakanninmu sun san haka da suke yaɓe bakin rumbu da laka, manoman Gadarif ma sun sani da suke binne dawa a ramin madmura. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Kamaru da na cibiyar INRAN ta Maraɗi, sun mayar da wannan dabara cikin buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ana kuma yin sa a Kano. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, cikin buhun saƙa. Ana cika ta ciki, a matse iska, a murɗe bakinta a lanƙwasa a ɗaure da igiya, sannan ta biyu, sannan buhun, kowanne da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da an jefa ƙwayar guba ko ɗaya ba. In an buɗe an ɗiba, sai a sake ɗaurewa nan take, a ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin.