Sauro da Sikila: A Gwada Jini Kafin a Shiga Golmo

Tunda sikila ta daɗe tana ɗauke yara tun ba su kai munzalin aure ba, me ya hana ta ƙarewa a cikinmu? Sauro ne ya hana.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke kai iska sassan jiki, likitoci na kiransa himogulobin. Kowa gadonsa biyu yake yi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, ko dai nau'in A mai lafiya ko nau'in S na sikila. Wanda ya gaji S ta kowane ɓangare shi ne SS, mai sikila. Ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, sai ka ga idon yaro ya yi rawaya, yatsu sun kumbura, ya kwana yana kukan ciwon ƙashi.

Mai AS kuwa, wanda ya gaji A da S, lafiyarsa lau, har da ƙarin kariya. A 1954 Anthony Allison ya nuna, a Gabashin Afirka, cewa zazzabin cizon sauro bai cika yi wa masu AS mugun kamu ba. Ƙwayar cutar ba ta sakewa a jininsu, kuma saifa kan yi saurin kawar da ƙwayoyin jinin da ta shiga. Saboda haka a zamanin kakanni, da babu asibiti, zazzabi yakan kwashi masu AA, sikila ta kwashi masu SS, masu AS su fi tsira, su hayayyafa, su gadar da A da S gaba ɗaya. Yau kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne. Mu kuma a Kebbi a tsakiyar sauron muke: binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar zazzabin a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, fiye da kowace jiha.

Kada mai AS ya ce ya fi ƙarfin gidan sauro, shi ma yana kamuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne aure. AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya jera SS uku. A ƙasar Zuru, inda saurayi kan shekara da shekaru yana golmo, wato noman neman aure a gonar surukai, zalunci ne a bari sai an sa rana sannan a tuna da gwaji. Jihar Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024, mu ba sai mun jira doka ba.

Iyaye, malamai da fastoci, daga Dabai har Wasagu, ku tura yara asibiti su san ko AA ne su, AS ko SS, tun magana ba ta yi nisa ba.