Takardar Lafiya A Bakin Iyaka Da Hukuncin Mai Sayen Ta Jabu

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, hukumomin Saudiyya suka sanar da dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje, kuma mako guda bai cika ba aka haɗa har da mazauna ƙasar. Hotunan da suka biyo baya, na filin ɗawafi fayau babu kowa sai masu shara da masu tsaro, sun sa dattawa da yawa zubar da hawaye a garuruwanmu. Hajjin da a 2019 ya tara kusan mutum miliyan 2.5 sai aka taƙaita shi a 2020 ga 'yan tsiraru daga mazauna ƙasar. A 2021 aka bar mutum 60,000, su ma mazauna ciki, waɗanda aka yi wa allurar korona. Sai a 2022 aka buɗe ƙofa ga na waje, da sharaɗin shekarun mutum kada su kai 65, ya yi rigakafi, ya kuma kawo sakamakon gwajin da aka yi masa cikin awa 72 kafin tashi. Najeriya ta samu kujeru 43,008 a wannan shekara, maimakon 95,000 da ta saba samu.

Annobar ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye matakin ta-ɓaci a watan Mayun 2023. Amma takardun lafiya suna nan a bakin iyakoki, domin sun girmi korona. Maniyyaci na buƙatar shaidar allurar sanƙarau, da ta cutar shawara idan ya fito daga ƙasashe irin su Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan. Wanda ya samu aiki a Saudiyya ba ya samun takardar zama sai likita ya duba shi. Ɗalibin da zai zauna Ingila fiye da wata shida sai ya kawo shaidar gwajin tarin fuka. Saboda haka tambayar da ake yi mana bayan sallah ba ta ƙare ba, kuma kusan kullum da murya ƙasa-ƙasa ake yin ta: Malam, akwai wanda zai iya samo mini katin ba tare da an yi mini allurar ba, mene ne hukuncinsa?

Kafin mu amsa, ya kamata mu kawar da wani zato da ya zauna a zukatan wasu 'yan'uwa, cewa tsare mutum a bakin gari saboda cuta al'adar Turawa ce da aka ɗora mana. A zamanin halifancin Umar ɗan Khaɗɗabi (RA), annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Halifa ya fito daga Madina ya nufi Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, sai kwamandojin runduna, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA), suka tarye shi da labarin. Ya tara Muhajirai ya nemi shawara, suka rabu biyu. Ya tara mutanen Madina, su ma haka. Sai ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya nuna masa cewa wannan kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya buga masa misali da makiyayin raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa, cikin ƙaddarar Allah ya kora su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya iso, ya shaida musu cewa ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da aka ji annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don guje mata. Umar ya yi wa Allah godiya ya koma Madina.

Abin lura a nan shi ne, umarnin yana da fuska biyu, kuma ta biyun ta fi ɗaci. Kowa na iya yarda kada ya shiga garin annoba, tunda ransa yake karewa. Amma a ce wa na ciki ya zauna, wannan kare ran wasu ne da haƙurinsa. Abu Ubaida ya zauna, ya rasu a cikinta, haka Mu'azu ɗan Jabal (RA). Duk dokar shiga ƙasa da ta shafi lafiya a yau, asalinta wannan fuska ta biyu ce. Jami'in da ke duba katinka a Jidda bai damu sosai da ko kai za ka kamu ba. Yana tunanin tsohuwar da ta zo daga Indonesiya wadda za ta kwana kusa da matarka a tanti ɗaya a Mina. Imam Muslim ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙifawa akwai mai kuturta, sai Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Mutumin ya samu cikakkiyar mubaya'a ba tare da ya shiga cikin taro ba.

Kakanninmu da suka tafi Makka da ƙafa sun san wannan tsari. Bayan kwalara ta yi ɓarna a hajjin 1865, ta kuma bi alhazai zuwa Masar da Turai, aka kafa wuraren killace mahajjata a gaɓar Bahar Maliya, irin su tsibirin Kamaran da garin Ɗur a yankin Sina'i. Masu bin hanyar Sudan daga ƙasar Hausa da Barno, a Sawakin ake tsare su kafin su tsallaka. A zamaninmu ma, sanƙarau ya ɓarke a hajjin 1987, sannan wani nau'insa ya sake ɓarkewa a 2000 da 2001 ya bi alhazai har gidajensu a ƙasashe da dama. Daga nan ne aka wajabta allurar da ke kare nau'i huɗu na cutar. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, Saudiyya ta hana alhazanmu shiga. A 2014 aka hana Gini da Laberiya da Saliyo biza saboda Ebola, Najeriya kuwa aka bar ta, saboda ta yi saurin shawo kan cutar.

Ba za mu yi kamar ba mu san dalilin ɗari-ɗarin jama'armu da allura ba. A wannan shekara ta 1996 ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, shari'a ta ɗauki shekaru, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Raunin da wannan ya bari shi ne ƙasar da jita-jitar 2003 ta tsiro a kai, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Cutar ta yaɗu daga nan zuwa ƙasashe da yawa, kuma muna cikin waɗanda har yau ake neman shaidar wannan rigakafi daga gare su. Haka nan ba kowace doka ce aka gina a kan adalci ba. A ƙarshen 2021, da masanan Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in korona da aka kira Omicron, ladan gaskiyarsu shi ne aka rufe wa ƙasashen Afirka ƙofa, alhali cutar ta riga ta isa Turai. Ingila ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana wa shiga a farkon Disamba, wanda yake da izinin zama kuwa sai ya biya fam 2,285 na killacewar otal. Kwana goma ba su cika ba aka soke jerin, saboda an ga ba ya tsare komai. Saudiyya ita ma ta dakatar da jirage daga Najeriya a wannan wata, ba ta janye ba sai a watan Maris na 2022. Ɗalibai da 'yan kasuwa da masu Umara da yawa sun yi asarar tikiti da kuɗin masauki. Wanda ya kira wannan rashin adalci bai yi ƙarya ba, kuma yana da haƙƙin faɗa, gwamnati na da haƙƙin ƙorafi ta hanyar diflomasiyya, kamar yadda ta yi.

Sai dai rashin adalcin doka ba ya halatta ƙarya. Katin rigakafi shaida ce rubutacciya: ma'aikacin lafiya ya sa hannu cewa a rana kaza ya yi wa wane allura kaza. Idan ba a yi ba, wanda ya rubuta ya yi shaidar zur, wanda ya biya ya ba da cin hanci don a yi ta, wanda ya haɗa su kuwa dillalin zunubi ne. Shaidar zur tana cikin manyan zunuban da Annabi (SAW) ya jera tare da shirka da saɓa wa iyaye, ya yi ta maimaita ta har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa. Biza kuma alƙawari ce. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin amana cewa Musulmin da ya shiga ƙasar wasu da izininsu, ko da ba Musulmi ba ne, ba shi da damar ha'intarsu a kan sharaɗin da ya shiga da shi. Huzaifa ɗan Yaman (RA) da mahaifinsa sun faɗa hannun Ƙuraishawa a hanya, aka sake su bayan sun yi alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka ba shi labari, a lokacin da Musulmi ke tsananin buƙatar kowane mutum ɗaya a Badar, sai ya umarce su da cika alƙawarin. Idan wannan ne matsayin alƙawarin da aka yi wa maƙiya cikin takura, to ina ga sa hannun da mutum ya yi da kansa a takardar neman biza?

Illar kuma ba ta tsaya a kan mai katin ba. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin katunansu na cutar shawara jabu ne. Najeriya ta rama, daga baya Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Ko wane ne mai gaskiya a wannan rikici, zargin ya samu wurin zama ne saboda kowa ya san ana sayar da irin waɗannan katuna. Duk jabun kati ɗaya da aka kama, masu katin gaskiya dubu ne za su tsaya a dogon layi saboda shi. Irin wannan ne abin da wasu mata maniyyata ke yi na ɓoye juna biyu a wajen gwaji, har a kai fitsarin wata, sannan a je a haihu ko a yi ɓari cikin zafin Makka. Mijin da ya san da haka ya yi shiru yana da nasa kason.

Akwai wata matsalar fiƙihu da masu wannan dabara ba sa hangowa. Mutum ya hau jirgin Jidda, ya ɗaura harami daidai miƙati, ya sauka, aka gano takardarsa ta bogi ce, aka juyo da shi. Yanzu yana cikin harami, Ka'aba kuma ta yi masa nisa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil da sharhohinsa, an bambanta wanda maƙiyi ko fitina ko tsarewar zalunci ta hana, wanda yana da damar warware haraminsa a inda yake, da wanda aka tsare bisa haƙƙi ko rashin lafiya ta hana, wanda ba ya fita daga harami sai ya kai ga Ɗakin Allah. Wanda aka juyo saboda ƙaryar da ya shirya da hannunsa zai sha wahala kafin ya sa kansa a sahun waɗanda aka zalunta. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda mutum ya gindaya sharaɗi lokacin niyya cewa zai warware a inda aka tsare shi, bisa hadisin Duba'atu 'yar Zubairu (RA), amma Malikiyya ba su ɗauki wannan sharaɗi a matsayin mai tasiri ba. Wanda haka ta same shi sai ya zauna gaban malami da cikakken bayani, a duba masa mafita, kada ya cire haramin a filin jirgi ya ɗauka magana ta ƙare.

Wanda doka ta hana shi kuma bai yi ƙarya ba, lamarinsa mai sauƙi ne, ko da zuciya ba ta ga sauƙin ba. Mun ga dattawan da suka zuba kuɗinsu tun 2020, suka jira shekara biyu, da aka buɗe a 2022 sai aka ce shekarunsu sun wuce, kuɗin kujera kuma ya kai kusan naira miliyan 2.5. Wasu sun samu zuwa a 2023 da aka cire sharaɗin shekaru, wasu kuwa Allah Ya karɓi abinsa kafin nan. Hajji wajibi ne a kan mai iko, buɗewar hanya kuma tana cikin iko. Wanda aka rufe wa hanya babu laifi a kansa, kuma a kan hanyar dawowa daga Tabuka Annabi (SAW) ya ba sahabbai labarin wasu mutane da suka rage a Madina, uzuri ya tsare su, amma suna da rabonsu a ladan kowane kwari da rundunar ta ratsa.

Yawancin masu neman katin jabu da muka zanta da su ba tsoron allura ne ya kai su ba, lokaci ne ya ƙure musu. Allurar sanƙarau da ta cutar shawara duk sai sun kwana goma a jiki kafin a karɓi shaidarsu, mutum kuma sai biza ta fito, jirgi saura kwana huɗu, sannan ya tuna. A nan ne ejan zai ce a bar masa, ya mayar da kwanan wata baya. Tun daga 2016 shaidar allurar shawara ta zama ta tsawon rai, sau ɗaya ake yin ta, don haka mai niyyar tafiya karatu ko aiki ko Umara zai iya zuwa ofishin lafiya na filin jirgi ko na iyaka tun kafin ya nemi biza, a yi masa, ya ajiye katin tare da fasfonsa. Hukumomin alhazai na jihohi su ma su riƙa sanar da ranakun allura da wuri, ta rediyo da masallatan Juma'a, mu kuma limamai mu karanta sanarwar daga kan mumbari a makon da ta fito.