Damagaram: gidan da ya shekara a hannun dillalai

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Damagaram zai ci karo da katangu da aka yi wa rubutun «à vendre», wasu da fenti, wasu da gawayi, a ƙasa kuma lambar waya. Daga cikin rubuce-rubucen nan akwai waɗanda suka sha damina biyu har suka dushe, gidan kuwa yana nan a hannun mai shi. Mafi yawa masu gidajen ba attajirai ba ne. Ko dai ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya yana neman jarin da zai rufa asirin iyali, ko wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yamai, ko ɗan kasuwar da bashi ya taso wa, ko kuma magada da ke jiran rabonsu. Kowanensu da kukan da yake yi, amma kukan ɗaya ne: ana zuwa, ana dubawa, ana yaba ginin, a ce sai an yi shawara, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyar mai saye.

Bayanin da aka saba ji shi ne babu kuɗi a gari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Arzikin Damagaram tun zamanin ayari yana ɗaure da hanyar Kano, kuma hanyar nan ta sha wuya a ƴan shekarun nan: Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan takunkumin CEDEAO ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Fabrairun 2024. Faɗuwar naira tun daga 2023 ta ƙara dagula lissafi, domin ɗan kasuwar da ribarsa ke shigowa da naira, in ya canza ta zuwa sefa sai ya ga ta tsuke. Sai dai duk da haka ana cinikin gidaje. A unguwa guda, a layi guda, wani gida ya tafi cikin wata ɗaya, na kusa da shi ya shekara. Rashin kuɗi kaɗai ba ya bayyana wannan bambanci.

Abin da ke faruwa shi ne mai gida da mai saye ba lissafi ɗaya suke yi ba. Mai gida yana ƙidaya abin da ya kashe: buhunan siminti, ƙarfe, kwano, kuɗin magina, da shekarun da ya yi yana tsuke bakin aljihu. Mai saye kuwa yana ƙidaya abin da zai tarar bayan ya biya. Tambayoyinsa uku ne, ko ya furta su ko ya bar su a ciki: ina takarda, su wa ke da haƙƙi a gidan, kuma ana samun ruwa?

Takarda tukuna

Takardun gida a Damagaram ba darajarsu ɗaya ba. Akwai shaidar mai unguwa ko ta sarautar gargajiya, wadda da ita tsofaffin gidaje da yawa na Birni da Zango suka dogara, wasu ma babu komai sai sanin maƙwabta cewa nan gidan wane ne tun kakanni. Akwai takardar sesiyo, wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa idan an yanka filaye. Sannan akwai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin da ofishin kula da filaye na gwamnati ke yi wa rajista. Ita ce banki ya fi amincewa da ita a matsayin jingina, ita ce kuma ta fi ƙarfi a gaban alƙali. Tun 2006 hukuma ta fito da sassauƙar hanyar samun ta da aka raɗa wa suna «Sheda», don rage tsada da jeka-ka-dawo, amma har yanzu gidaje masu yawa ba su da ita.

Matsalar da ta fi kashe ciniki ba rashin takarda ba ce ɗungum, a'a, takarda ce mai ɗauke da sunan wani. Fili ya bi hannu uku ko huɗu, kowa ya saya ya karɓi takardar ya sa a akwati, ba wanda ya je ya yi canjin suna saboda gudun kuɗin rajista. Yau mai sayarwa na riƙe da takardar da sunan mutumin da ya rasu shekara goma sha biyar da suka wuce. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan labari fiye da kowa. A farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashi da filaye, da yawa daga cikinsu sun sayar da takardunsu nan take don biyan buƙata, kuma takardun sun ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu. Mai sayen da ya taɓa jin labarin fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ba zai yarda ya yi cinikin biri a sama ba. Mai gidan da ya fara zuwa ya daidaita sunansa, ya sa ma'auni ya tabbatar da iyakokin fili, ya biya lanhon da ake bin gidan, ya kuma ajiye faktirorin ruwa da na kuran da aka biya, ya riga ya yi rabin tallarsa. Kuɗin da zai kashe a nan bai kai abin da mai saye zai zabge masa ba idan ya ga gyara a takarda.

Gidan gado

A nan ne ciniki ya fi kwana. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, ƴaƴa goma sha, wasu a gida, wasu a Agadas, wasu sun tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya. Babban wa ya kai gida kasuwa da kyakkyawar niyya, aka yi tayi, aka kusa sallamawa, sai ƙanwa ta aiko daga gidan aurenta cewa ba a shawarce ta ba. Shari'a kuwa tana bayanta. Matan mamaci suna da tumuninsu idan akwai ƴaƴa, ɗiya mace tana da rabin rabon namiji, kuma ba wanda ke da ikon sayar da rabon wani ba da izninsa ba. Bayan haka akwai shufa'a. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar nan, idan abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin karɓe kason a kan kuɗin da aka sayar, kuma malamai sun ba su wa'adin da ya kai wajen shekara. Alhajin da ya san wannan hukunci ba zai zuba miliyoyinsa a gidan da za a iya tayar masa da magana bayan ya yi fenti ya tare ba.

Maganin abin sananne ne, ko da yake yana da ɗaci ga masu gaggawa: a yi taron dangi a gaban hukuma, a rubuta sunayen magada duka, a naɗa wakili guda da takardar wakilci, wanda ke nesa ya aiko da tasa yardar a rubuce. Idan akwai marayu ƙanana, a bi ta kotu. Gidan gadon da ya shigo kasuwa da waɗannan takardu a hannu ya zama gida kamar kowane. Wanda ya shigo babu su, ƴan neman ɓagas kaɗai ke zagaya shi.

Ruwa

Ba sai an gaya wa Badamagare wannan ba. Garin yana zaune a kan dutse, rijiya ba ta cika bayarwa ba, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambatawa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfo daga nesa ake janyo shi, daga Arunguza, da Gogo-Machaya, daga baya aka ƙara da Ganaram, garin kuma yana ta faɗaɗa fiye da yadda bututu ke bin sa. Saboda haka mai saye mai wayo ba ya tsayawa ga ganin kontar ruwa a ƙofar gida. Yakan dawo shi kaɗai, ya tambayi maƙwabta ko mai shagon layin: a watan Afrilu da Mayu sau nawa famfo ke zuwa a mako, da ƙarfe nawa na dare, bido nawa ƴan ga-ruwa ke sayarwa? Abin da suka gaya masa shi zai ɗauka, ba abin da dillali ya rantse a kai ba. Mai gida ba shi da ikon sauya wa unguwarsa tudu ko kwari, amma yana iya gina wurin ajiyar ruwa ko ya ɗora tanki. A Damagaram wannan ya fi tayil a falo jan hankalin mai saye nesa ba kusa ba.

Haka zancen damina. Tun bayan ruwan 2024, wanda a farkon Satumba ya rushe tsohon masallacin Birni mai tarihi tun tsakiyar ƙarni na 19, mutane sun koyi duban gindin katanga da hanyar da ruwa ke bi a layi. Fentin da aka shafa jiya a kan bangon da ya jiƙa ba ya ruɗin kowa, sai ma ya sa a yi zargin akwai abin da ake ɓoyewa.

Abokin hamayyar da mai gida ke mantawa da shi

Ba gidan maƙwabci ne ke ƙwace masa mai saye ba, fili ne. Bahaushe ya fi son ya gina nasa, da zaurensa, da ɓangaren kowace mata, da wurin dabbobi, a hankali, yau jeri biyar na bulo, baɗi rufi. Gidan da aka gama kuwa kuɗinsa a dunƙule ake nema. Rancen gida bai taɓa zama ruwan dare a Nijar ba: bankin BDRN ya durƙushe a 1990, kuma bankin gidaje da aka buɗe a 2018 masu albashi tabbatacce da cikakkiyar takarda ne suka fi iya kaiwa gare shi. Ragin kuɗin siminti da gwamnati ta yi a Oktoban 2024 ya ƙara wa masu son gina nasu ƙwarin gwiwa. Don haka mai saye yakan haɗa kuɗin fili a unguwar da kuɗin sabon gini, ya cire gyaran da tsohon gidan ke buƙata, abin da ya rage shi ne tayinsa. Wanda kuma ke neman gidan haya yana da nasa ma'aunin: shekara nawa kuɗin haya zai yi kafin ya maido da jari.

Masu gida da yawa har yanzu suna riƙe da farashin lokutan da kasuwa ta yi zafi, kamar sa'ad da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011, jami'a kuma tana sabuwa, ma'aikata da ɗalibai suna neman wurin zama ido rufe, ko lokacin shirin bikin Zinder Sabuwa na 2018. Waɗannan kwanaki sun wuce, amma adadin ya zauna a zuciya. Ana taya gida, mai shi ya ce albarka. Bayan wata takwas ya aika a nemo mai tayin farko, a tarar ya riga ya aza harsashi a wani wuri.

Kunya da dillalai

Sayar da gida a ƙasar Hausa yana tafe da kunya. Ana ganin alamar karaya ce, shi ya sa da yawa ke yi a ɓoye: a raɗa wa dillali ɗaya, gobe a raɗa wa wani, har su kai biyar, kowa da alkawarin kada ya bari a ji. Kowane dillali kuma sai ya ɗora nasa a kan farashi. Mai saye ya ji gida ɗaya da kuɗi iri uku, ya kammala a ransa cewa ko akwai rigima ko akwai cuta. Gara dillali ɗaya ko biyu da aka sani a unguwa, farashi guda, la'ada a yanke ta tun farko a gaban shaida, a kuma sa wa'adi. Dillalin kirki ya san wane alhaji ne ya sayar da kaya yana neman inda zai ajiye kuɗi, wane ɗan ci-rani ne ya aiko a nema masa gida. Wannan sani shi ake biya, ba yawon nuna ƙofa ba.

Talla ta zamani tana da amfaninta, musamman ga na nesa. Sanarwa a rediyo tana kaiwa ƙauyuka, hotuna a WhatsApp da Facebook suna kaiwa Yamai da Tamanrasset cikin daƙiƙa. Amma a ɗauki hoton da hantsi, bayan an share tsakar gida an kwashe tarkace, a faɗi girman fili da mita, yawan ɗakuna, irin takardar da ke akwai, da halin ruwa. Sanarwar da ta ce «gida mai kyau, farashi sai an zo» ba ta kawo kowa sai ƴan kallo.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Bayan kaka, in an sayar da wake da riɗi da gyaɗa, kuɗi sun fi yawo a hannun ƴan kasuwa. Wanda ya fito da gidansa ana saura ƴan makonni a rufe biyan kujerar hajji, ko ana gab da bikin ɗiya, kowa ya san abin da ya koro shi, kuma da wannan sanin za a taya. Gidan da ke kan tudu, wanda rufinsa ba ya yoyo, babu lokacin nuna shi da ya fi watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.

In an kai ga sallamawa, saura rubutu. A yi shi a gaban notar ko hukumar da ta dace, da shaidun kowane ɓangare, a fayyace wa zai biya kuɗin rajista da na canjin suna, a rubuta ranar da za a miƙa makulli, musamman idan akwai ɗan haya a ciki, wanda shi ma sai an ba shi wa'adinsa. Kuɗin kuma su bi ta banki, ko da mai saye ya zo da su a cikin buhu.