Tsofaffin kuɗin azurfa: a san darajarsu kafin a sayar

A garin Matamaye da ƙauyukan ƙasar Kance, gidaje da dama suna da ajiyar tsofaffin kuɗin azurfa da aka gada daga kakanni. In rani ya tsananta, sai maigida ya fito da su ya kai wa maƙerin fari, a auna nauyinsu, a narke su a yi mundaye. Amma akwai masu tara tsofaffin kuɗi waɗanda sukan biya fiye da farashin azurfar, muddin kuɗin bai goge ba.

Iri biyu aka fi samu a nan. Na farko shi ne liyari mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Otirish, wanda fatake suka shigo da shi ta hamada. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan kai, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Shekarar 1780 da ke jikinsa kada ta ruɗe ku, domin shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga shi da wannan lamba har zamaninmu. Na biyu shi ne dalar Faransa mai tamma biyar, giram 25, azurfa kashi 900 cikin 1000.

Masana na Faransa sun kasa lafiyar kuɗi mataki shida: B, TB, TTB, SUP, SPL da FDC. A matakin B hoton ya goge, da kyar ake karanta rubutun. A TTB zane ya fito sarai, sai ɗan cin hannu a wurare masu tudu. FDC kuwa kamar yau ya fito daga ma'aikata. A Amurka ana bin ma'aunin Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70.

Ga mai liyari, ya dubi kambin sarauniya da adon kafaɗarta, nan ne suke fara gogewa. Ya dubi rubutun da ke kewaye da bakinsa. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, kuma in an ƙwanƙwasa ta tana da amo mai tsawo.

Jan kunne: kada a goge kuɗin da toka, rairayi ko lemun tsami. Baƙin da ya hau kansa ba aibu ba ne ga masu tarawa, amma gogewa na rage darajarsa, haka ma hudawa don rataya. A naɗe kowane ɗaya daban cikin tsumma, kuma a ji ta bakin masaya biyu ko uku kafin a sallama.